Yadda Ake Gina Suna a Kasuwar Keke: Jagora ga Mai Shago da Mai Gyara

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 a Kano cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000 a gidajen mai da yawa. Mutanen da suka jingine keke tun suna samari suka koma suka kakkaɓe masa ƙura. Ƙaramin ma'aikaci, malamin firamare, ɗalibi, mai kai burodi shaguna, kowa ya sake lissafi. Maiduguri ta riga sauran garuruwa, domin tun da aka hana hawa babur a birnin a 2011 saboda matsalar tsaro keke ya zama abin hawan yau da kullum.

Kasuwa ta buɗe, sai dai ga kowa ta buɗe. Kekunan da ke jere a gaban shagonka su ne a gaban shagon maƙwabcinka, dilanku ɗaya, wataƙila ma kwantena ɗaya ta kawo su. Idan babu abin da ya bambanta ku, mai saye zai bi wanda ya fi sauƙi ko da da naira 500 ce, ku kuwa ku yi ta karya wa juna farashi har ciniki ya yi yawa, aljihu babu komai. Wannan jagora ta mai shagon kekuna ce, da mai gyara da ke son ya fara sayarwa, da matashin da ke tallan kekuna 'yan gwanjo ta waya. Na jero matakan yadda nake ganin ya dace a bi su, kuma za ka lura talla ta zo can baya. Da gangan na yi haka: sunan mai keke a wurin gyara yake tsayuwa ko ya faɗi, ranar da wanda ya saya ya dawo da matsala.

Mataki na farko: wa kake yi wa hidima?

Ka zauna mako biyu da littafi a gefe, duk wanda ya shigo ka rubuta abu uku: me yake yi da keke, nisan da yake tafiya a rana, da abin da ya fi lalace masa. Za ka ga masu sayenka sun kasu. Akwai mai ɗaukar kaya: jarkokin ruwa, buhun taki, itace, kwandon burodi. Shi ƙarfin kariya (wajen ɗora kaya a baya) da wilin baya ne damuwarsa, kuma tsohon samfurin nan mai taya inci 28 yake nema. Akwai mai zuwa aiki ko makaranta a cikin gari, wanda ke son keke mara nauyi, mai giya, da ba zai ɓata masa ƙafar wando ba. Akwai uba da ya zo saya wa yaro. Akwai kuma 'yan motsa jiki, su ne mafi ƙaranci amma sun fi kowa kashe kuɗi a kan ƙananan kaya.

Ka zaɓi rukuni ɗaya da za a san ka da shi. Ba ka kori sauran ba, amma kalamanka da hotunanka da kayan da ka cika shago da su duk su fuskanci mutum guda.

Misalin da ya fi burge ni a nan shi ne keken Buffalo, na ƙungiyar World Bicycle Relief da aka kafa a 2005. Da suka shiga ƙauyukan Zambiya suka tarar kekunan kasuwa ba sa jure hanya da nauyi, sai suka tsara nasu don mutumin karkara kaɗai: ƙarfe mai kauri, giya ɗaya, kariya mai ɗaukar kilo 100. Suka sa masa sunan ɓauna, dabbar da mutanen yankin suka sani da ƙarfi. Keken yana da nauyi, ba ya gudu, kuma ba su ɓoye hakan ba, domin ba ɗan tsere suke nema ba. Wanda suke nema kuwa da ganinsa ya san nasa ne.

Mataki na biyu: alkawari guda wanda za a iya gwadawa

"Inganci da rahusa" ba alkawari ba ne, domin babu shagon da bai rubuta shi ba, kuma babu yadda mai saye zai kama ka idan ka saɓa. Alkawarin da ke gina suna shi ne wanda za a iya dawowa a tsare ka a kansa. Ga irinsa: duk keken da ya fita daga nan, za mu ɗaure noti, mu daidaita birki da wili kyauta bayan wata guda. Ko kuma: idan feda ko cen ya karye cikin wata uku ba tare da haɗari ba, canji ne babu gardama. Ko: ka kawo gyara da safe, ka karɓa kafin la'asar.

Daga littafin nan na mataki na farko za ka ciro alkawarin. Idan abin da ya fi addabar mutanenka fanca ce, saboda tsidau da ƙayar hanya, to can za ka dosa: taya mai kauri, tub mai kyau, da faci kyauta na wani lokaci. Idan sifok ne ke tsinkewa a wilin baya saboda lodi, ka zama mai shagon da ke sake ɗaura wilin da sifok masu kauri kafin ya sayar.

Dattawa har yau suna tuna Raleigh, kamfanin birnin Nottingham na Ingila wanda har masana'antar haɗa kekuna ya yi a Kano. Fostarsa da ta zaga Afirka ta nuna mutum a kan keke yana murmushi, zaki na bin sa a guje bai cim masa ba. Wanda bai iya karatu ba ma ya gane saƙon. Amma abin da ya riƙe sunan shekara da shekaru shi ne mutane sun ga keken da uba ya hau, ɗa ya gada, jika ya koyi tuƙi da shi. Hoton zakin ya faɗi abin da ƙarfen ya tabbatar ne.

Ka rubuta alkawarinka a bayan rasit da Hausa mai sauƙi, da abin da ya shiga ciki da abin da bai shiga ba. Kada ka yi alkawarin da sai ka ci bashi za ka cika. Garantin wata uku da ake cikawa ya fi na shekara da ake ja-in-ja a kansa.

Mataki na uku: gyara bayan shago kafin ka kira jama'a

A nan zan daɗe, don a nan mafi yawa ke faɗuwa.

Keke sabo a kwali yake zuwa, rabinsa a warware. Yadda aka haɗa shi ne ke yanke hukuncin ko zai yi shekara biyar ko wata biyar. An saba a miƙa wa yaron shago sifana a ce ya haɗa goma kafin azahar. Sakamakon kowa ya san shi: boris babu giris, wili a karkace, birki na kama gefe ɗaya, feda ta kwance a hanya. Mai saye ba zai zagi masana'antar da ke Sin ko Indiya ba, bai san ta ba. Kai zai zaga, a majalisa, gaban mutum goma.

Saboda haka ka kafa ƙa'idar haɗawa, ka rubuta ta a bango, kowane keke ya bi ta. A buɗe inda boris yake a ƙara giris, domin na masana'anta sau da yawa ɗan shafawa ne. A juya kowane wili a duba ko yana layi, a ɗaure sifok ɗin da ya yi sako-sako. A gwada birkin gaba da na baya da mutum a kai. A shafa giris a sandar sirdi don kada ta yi tsatsa ta ƙame. A tuna fedar hagu zarenta a juye yake, wanda bai sani ba zai cinye shi da ƙarfi. A ba taya iska daidai da adadin da ke rubuce a gefenta. Sannan wanda ya haɗa ya hau ya zaga layi, ya dawo ya sa hannu a kati. Wannan sa hannun yana canza halin yaran shago fiye da faɗa, tun da kowa ya san idan keke ya dawo za a duba sunan wa ke jiki.

Keke ɗan gwanjo ya fi buƙatar wannan. Ka duba wajen walda da kyau ko akwai tsagewa, ka kalli ƙahon gaba ko ya lanƙwashe, alamar an taɓa yin karo da shi. Abin da ka canza ka faɗa, abin da ba ka canza ba ma ka faɗa. Idan keken da ka sake wa fenti ne, kada ka bari mai saye ya ɗauka sabo ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ɓoye aibin kaya, kuma kasuwa ma ba ta yafe shi.

Sai safaya. Kada ka sayar da keken da ba ka da kayan gyaransa, ko ba a samun su a garin. Labarin VanMoof ya isa darasi. Kamfani ne na birnin Amsterdam da ke ƙera keke mai lantarki, kuma wajen dabarar talla samun kamarsa sai an tona. Da suka ga ana fasa musu kekuna a hanyar kai wa masu saye a Amurka, sai suka buga hoton talabijin a jikin kwalin, don masu dako su ɗauka abu ne mai fashewa su lallaɓa shi. Kamfanin ya ce ɓarnar ta ragu da kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, labarin kuma ya zaga duniya ya zame musu talla kyauta. Amma kusan duk kayan keken nasu ne na kansu, mai gyara na unguwa ba shi da su, ba ya iya taɓawa. Kekuna suka yi ta lalacewa, masu su na jira makonni, kuɗin gyaran garanti ya yi ta cin kamfanin. A watan Yuli na 2023 kotu ta ayyana shi a matsayin wanda ya karye. Ka riƙe wannan musamman idan kana sha'awar shigo da kekuna masu caji: kafin ka kawo guda ɗaya, ka san inda za ka samu batir da caja da wanda zai gyara.

Masu gyara na bakin titi kuwa, kada ka ɗauke su abokan gaba. Su ake tambaya, "Malam, wane keke zan saya?" kuma maganarsu ta fi fosta ɗari. Ka zaɓi biyar ko shida a unguwanni daban-daban, ka riƙa ba su safaya a farashin sari, ka ba su la'ada a kan duk wanda suka turo, ka amince su yi duban wata guda a madadinka kai ka biya su. Buffalo ma haka ta yi, duk inda ta kai kekuna sai ta horar da masu gyara a yankin.

Mataki na huɗu: suna, launi da tambari

Yanzu ne lokacin suna. Ya zama gajere, mai daɗin faɗa a waya, wanda yaro zai iya riƙewa idan an aike shi. Ka faɗa wa mutum uku da safe, ka tambaye su da yamma. Idan biyu sun manta, nemi wani. Ka guji aron sunan kamfanin da ya riga ya yi fice ko kwaikwayon tambarinsa. Ban da shari'a, kana gina wa wani gida ne a filinsa.

Launi ɗaya ya isa, amma ka riƙe shi da gaske. Bianchi, kamfanin Milan na Italiya da aka kafa a 1885, an san shi da wani launi tsakanin shuɗi da kore mai haske, har ta kai masu sha'awar keke na hango shi daga nesa su kira sunan tun ba su ga rubutu ba. Abin da ya jawo haka naci ne na shekaru. Kai ma ƙofar shago, rigar yaran aiki, rasit, sitika, hoton shafinka na waya, duk su sha launi guda. Ka zaɓi wanda ke jure rana da ƙurar hunturu, ka kuma duba kada ya zo ɗaya da na wata jam'iyya, don kada a ɗauke ka ɗan wani ɓangare.

Tambari ya zama abin da mai zanen allo na unguwa zai iya zanawa da hannu, kuma a gane shi ko an ƙanƙanta shi ya koma girman kwabo. Raleigh kan zalɓe ne, Phoenix tsuntsu, Buffalo ɓauna. Masana'antar keke ta daɗe da gane cewa dabba ta fi haruffa zama a ƙwaƙwalwa.

Inda tambarin ya fi amfani shi ne jikin keken. Ka buga sitika mai jure ruwa, ɗauke da suna da lambar waya, ka manna a madigadin baya ko ƙarƙashin sirdi, bayan ka nemi izinin mai keke. Kowane keke da ka sayar ko ka gyara ya zama allon talla mai yawo gari. Ka haɗa da wata hidima da kusan babu mai yi: yawancin kekuna suna da lamba da aka buga a ƙarfen, galibi a ƙasa, wajen da fedoji suka haɗu. Ka rubuta ta a rasit da littafinka. Ranar da aka sace keken wani, kai ne za ka fito da shaidar da zai kai wa 'yan sanda ko mai unguwa, kuma ba zai manta da wanda ya yi masa wannan ba.

Batun takardu: a Najeriya ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC. Wannan dabam yake da rajistar tambari, wadda ake yi a ofishin da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja. A rajistar tambari an kasa kaya da ayyuka aji-aji: kekuna suna aji na 12, aikin gyara yana aji na 37. A Nijar, Chadi da Kamaru, rajistar tambari ta ƙungiyar OAPI ce mai hedikwata a Yawunde, kuma rajista ɗaya tana aiki a duk ƙasashen ƙungiyar.

Mataki na biyar: abin da za ka nuna a waya

Ka buɗe WhatsApp Business, ka jera kaya da farashi a ciki. Ka sa shagonka a taswirar Google da lokutan buɗewa. Sannan ka zaɓi dandali ɗaya, Facebook ko TikTok, inda mutanenka suka fi zama, ka tsaya a kansa.

Hoto: ka jingina keke a bango mara tarkace, da safe ko bayan la'asar lokacin da rana ta yi sanyi. Ka ɗauka daga ɓangaren dama, inda cen da giya suke, ka durƙusa wayar ta zo daidai tsayin sirdi. Keke ɗaya a hoto ɗaya. Ka rubuta girman taya, sabo ne ko ɗan gwanjo, da farashi ƙarara. Al'adar nan ta "zo ta ciki mu yi magana" tana korar mai kunya da mai sauri, ta bar ka da masu tayin banza.

Bidiyo kuwa, mafi ƙarfinsa shi ne wanda ya nuna alkawarinka yana aiki. Idan ka ce kariyarka na ɗaukar nauyi, ka ɗora buhun masara a gaban kyamara, a hau a tafi. Idan ka ce kana zuba giris, ka buɗe sabon keke daga kwali ka nuna wa mutane yadda ya zo a bushe. Ka koyar: yadda ake faci, yadda ake mayar da cen da ya zame, yadda ake wanke ƙurar hunturu daga cen kafin a sa mai, me ya sa bai kamata a jiƙa shi da baƙin mai ba tun da yana tara yashi ya cinye haƙoran giya. Wasu na tsoron idan sun koyar za su rasa gyara. Ni ban yarda ba. Wanda ka koya wa faci zai yi facinsa, amma ranar da wili ya karkace ko zai saya wa ɗansa keke, wurin malaminsa zai zo.

Iyaye suna da tambaya guda da ke maimaituwa: wane girma ya dace da yaro? Ka yi bidiyo ɗaya mai kyau a kai. A ƙiyasi, taya inci 12 ta 'yan shekara biyu zuwa huɗu ce, 16 ta huɗu zuwa shida, 20 ta shida zuwa tara, 24 ta tara zuwa sha biyu, amma tsayin yaro ne alƙali: ya zauna a sirdi ƙafarsa ta taɓa ƙasa, hannunsa ya kai birki. Ka gaya wa uba gaskiya idan ya so sayen babba "don ya girma da shi". Keken da ya fi ƙarfin yaro shi ke kayar da shi.

Kada ka sa fuskar kowa ba da izininsa ba, yara kuwa sai da yardar iyaye. Kada kuma ka jefa lambobin mutane cikin zauren WhatsApp ba su nema ba. Saƙo ɗaya na mutunci bayan wata guda ya wadatar: "Salamu alaikum Alhaji, ya iyali? Keken da ka saya wa yaro ya cika wata. A turo shi mu ɗaure noti mu duba birki, kyauta ne kamar yadda muka yi alkawari. Allah ya ƙara arziki."

Mataki na shida: rediyo da kasuwar ƙauye

Mai ɗaukar kaya a karkara rediyo yake saurare. Sanarwa ta daƙiƙa talatin ta isa idan ta ƙunshi abu uku kawai: alkawarin, sunan shago sau biyu, da kwatance da wani sanannen wuri. Gara ka sa ta kullum a lokaci guda na tsawon mako biyu da ka warwatsa ta wata uku. Ka tambayi sashen kasuwanci na gidan rediyon game da tantancewar hukumar ARCON, wadda dokar 2022 ta ɗora wa kula da tallace-tallace a Najeriya.

Ranar kasuwa, irin ta Wudil ran Juma'a ko Maigatari ran Alhamis, ka je da keke biyu, famfo da akwatin kayan aiki. Ka kafa inuwa mai launinka, ka ba da iska da ɗaurin birki kyauta, ka bar mutane su hau su gwada. Ka nemi izinin sarkin kasuwa tukuna.

Mataki na bakwai: tara mahaya

Masana'antar keke ta daɗe tana sayar da kaya ta hanyar tara mutane. Tour de France, tseren keke mafi girma a duniya, jaridar L'Auto ce ta ƙirƙiro shi a 1903 don ta ƙara ciniki. Tseren Italiya ma jaridar La Gazzetta dello Sport ce ta fara shi a 1909, kuma rigar wanda ke kan gaba ruwan hoda ce saboda launin takardar jaridar ke nan. Kusa da mu, Burkina Faso na gudanar da Tour du Faso tun 1987. A zamanin nan kamfanin tufafin keke na Rapha, da aka kafa a Landan a 2004, ya mayar da shagunansa wuraren shan gahawa da kallon tsere, inda mahaya ke haɗuwa su fita tare su dawo tare.

Ba sai kana da kuɗinsu ba. Ka sa rana guda, misali Asabar bayan sallar asuba, a taru a ƙofar shagonka, a yi tafiyar kilomita goma zuwa sha biyar a hankali, a dawo a sha shayi. Sharuɗɗa kaɗan ne amma kada a sassauta: a duba birkin kowa kafin a tashi, mutum ɗaya a gaba ɗaya a baya, ba a barin kowa a hanya, yara sai da babba. Kada ka yi tallan komai a wurin. Wanda ya ga tayarsa ta sude shi zai tambaya.

Idan tafiyar ta zauna, sai ka yi tunanin babban taro. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya tun 2018, dama ce mai kyau. Ka sanar da hukumar kiyaye haɗurra da 'yan sanda da mai unguwa tun da wuri, ka tanadi ruwa da mai ba da taimakon gaggawa. Haka nan keke kyauta ce da ke tsayawa a ran yaro: guda ɗaya ga wanda ya zo na ɗaya a musabaƙa ko a makarantar unguwa, ɗauke da sitikarka, zai sa iyaye ɗari su ji sunanka a wurin da suke ganin girmansa. Kuma idan ka yi, kada ka manta da 'yan mata; keke mara sandar tsakiya yana ba su damar hawa da doguwar riga, kuma nisan makaranta na cikin abin da ke hana da yawansu zuwa a kan lokaci.

Mataki na takwas: bi kalandar aljihun mutane

Manomi da kaka yake da kuɗi, don haka kekunan lodi su iso kafin a fara girbi. Na yara suna tafiya ne gab da Sallah da lokacin sauka. Na ɗalibai a watan Satumba. Kafin damina ka tallata madigadi da robar birki, da hunturu kuma wanki da sa mai. Ga wanda ba zai iya biya lokaci guda ba, ka buɗe ajiya: yana kawo abin da ya samu, kana rubutawa a kati biyu, ɗaya nasa ɗaya naka, ranar da ya cika ya ɗauki kekensa. Ku yanke farashi da wa'adi tun ranar farko, da abin da zai faru idan ya fasa. Ƙungiyoyin adashi da na malaman makaranta sun fi mutum ɗaya sauƙin mu'amala, domin shugabansu ne ke tarawa.

Mataki na tara: auna abin da ke kawo ciniki

Duk wanda ya saya, ka tambaye shi, "A ina ka ji labarinmu?" ka rubuta amsar a gefen rasit. Ƙarshen wata ka ƙirga: nawa rediyo ta kawo, nawa waya, nawa masu gyara, nawa wani tsohon abokin ciniki ya turo. Lissafin ba shi da wuya. A ce ribarka a kan keke naira 15,000 ce, ka kashe 60,000 a sanarwa. Sai ta kawo maka mutum huɗu kafin ka mayar da kuɗinka. Idan wata biyu a jere ba ta kawo ba, ka dakatar, ka karkatar da kuɗin inda ke haihuwa. Yawan masu kallon bidiyo ba ciniki ba ne, musamman idan yawancinsu a wani gari suke.

Ka riƙa duba adadi na biyu: cikin waɗanda suka saya, nawa ne suka dawo duban wata guda, kuma me aka tarar ya kwance? Idan abu guda ke maimaituwa, ko dai ƙa'idar haɗawarka na da giɓi, ko dilanka ya canza kaya. Ka kai masa littafin ya gani da idonsa, ka nemi ya canza ko ya rage maka.

Wata rana wani zai yi ƙorafi a bainar jama'a, a Facebook ko a zauren unguwa. Ka amsa a inda ya yi maganar, a ranar, cikin ladabi: ka ba shi haƙuri, ka ce ya kawo keken. Kada ka goge maganarsa, kada ka tura yaranka su rama. Ka duba rasit da katin wanda ya haɗa. Idan laifin shago ne, ka gyara kyauta ka ƙara masa da wani abu, ko ƙararrawa ce. Idan lodi ne ya wuce kima ko haɗari aka yi, ka nuna masa wurin da hannunka, ka yi masa ragi a kuɗin aiki. Bayan ya karɓi kekensa ya hau ya gamsu, ka roƙe shi ya koma inda ya yi ƙorafin ya faɗi yadda aka ƙare.